Hoton da ke saukowa daga sama: wa ke riƙe da mabuɗinsa?

  

Tun da na sanar cewa yau maganar tauraron ɗan'adam za mu yi, saƙonni suka fara shigowa. Wani yayana daga Gusau ya rubuto ya ce, "Malam, mutane na fama da tsadar masara da 'yan bindiga, kai kuma ka tafi sararin samaniya?" Na yi dariya. Amma yaya, tambayarka tana kan hanya, don haka da ita zan fara.

Ku tuna Baga. A watan Afrilun 2013 aka yi artabu tsakanin sojoji da 'yan Boko Haram a garin, gidaje suka ƙone. Sojoji suka ce gidaje talatin ne. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na kafin abin da na bayansa, ta ƙirga gine-gine 2,275 da suka ruguje. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ita ma ta fitar da nata nazarin tana musanta lissafin. A Janairun 2015 kuma Boko Haram ta afka wa Baga da Doron Baga, ba ɗan jaridar da ya isa ya shiga. Amnesty International ta kwatanta hoton ranar 2 ga wata da na ranar 7, ta ce gine-gine sama da 3,700 ne aka lalata ko aka ƙone. Sau ɗaya hoton ya nuna yatsa ga masu kaki, sau ɗaya ya nuna ga 'yan ta'adda. Mutanen da ba su da lauya, ba su da gidan rediyo, wannan hoton shi ne shaidarsu. Gani ya kori ji.

To yanzu ku tambayi kanku. Daga lokacin da kyamara ta ɗauki hoton nan a sama, zuwa lokacin da ya iso kwamfutar mai bincike, wa ya isa ya gan shi a hanya? Wa ya isa ya canza shi? Maganarmu ta yau ke nan.

Bari mu fara da shi kansa tauraron. Yawancinmu in aka ce tauraron ɗan'adam, wani ƙaton ƙarfe muke hangowa kamar motar bas. Akwai irinsu. Amma duniya ta koma ƙananu. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya ta Amurka, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka fitar da wani ma'auni da ake kira CubeSat: ɗan akwati santimita 10 tsawo, 10 faɗi, 10 tsayi, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Ka ɗauke shi a tafin hannu. Ana iya haɗa uku su zama kamar sandar burodi. Kamfanin Planet na Amurka da irin masu ukun nan yake ɗaukar hoton doron ƙasa kusan kullum.

Mu ma muna ciki fa. NigeriaSat-1, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera, ya tashi daga Rasha a Satumbar 2003. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X suka bi a Agustan 2011, kuma shi X ɗin injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a can Surrey. Waɗannan sun fi CubeSat girma sosai. Sai a 2017 aka harba Nigeria EduSat-1, ɗan akwati guda, aikin Jami'ar Fasaha ta Akure da NASRDA tare da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Jafan. Tare da GhanaSat-1 na 'yan'uwanmu na Gana suka tafi. Duk jami'a ko ƙasar da kuɗinta bai kai ba, ta wannan ƙofar take shiga. Shi ya sa matsalar ƙaramin tauraro matsalarmu ce kai-tsaye.

Yaya hoton ke saukowa? Ta rediyo. Ba waya, ba igiya. Kuma igiyar rediyo ba ta san adireshi ba. Tauraron da ke nisan kilomita 500 a saman Abuja, mutumin Agadas na iya hango shi da eriya, haka na Njamena, haka na Akara. In eriyarsa irin mai watsawa ko'ina ce, kamar yadda ta ƙananan take, duk wanda ke ƙarƙashinsa yana ji. Kamar mai shela ne a kasuwa, ka aike shi wajen mutum ɗaya, amma da lasifika zai isar da saƙon.

Ni da kaina na gwada. Muna ajin ƙarshe a jami'a, ni da abokai biyu muka yi karo-karo muka sayi wata 'yar na'urar rediyo da ake sakawa a kwamfuta kamar filashi. Muka yanko ƙarafa biyu, kowanne ya ɗan haura rabin mita, muka buɗe su kamar ƙahon sa, muka hau saman bene da hantsi muna jiran tauraron yanayi na Amurka, NOAA 19, ya wuce. Sai muka fara jin wani ƙara kamar agogo, tik-tak, tik-tak. Hoto ya fara fitowa layi-layi. Wallahi sai ga gaɓar teku, sai ga Sahara, ga Tafkin Chadi ɗan ɗigo. Muka yi ta ihu har mai gadi ya hauro. Wannan halal ne, domin da gangan aka bar hotunan yanayin a buɗe don kowa ya amfana, har zuwa 2025 da aka yi wa taurarin ritaya. Amma a ranar na gane abu ɗaya: in har mu uku da kuɗin karo-karo mun iya, to mai mugun nufi da kuɗi a aljihu ba abin da zai hana shi.

Kuma an yi. A Disambar 2009 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa mayaƙa a Iraƙi suna kallon bidiyon da jiragen Amurka marasa matuƙa ke aikowa ƙasa, da wata manhaja mai suna SkyGrabber ta dala 26, saboda ba a kulle bidiyon ba. A 2020 wani ɗalibin digirin digirgir a Oxford, James Pavur, ya nuna cewa da kayan dish na gida na kimanin dala 300 yana karanta saƙonnin intanet na jiragen ruwa da kamfanoni da ke bi ta tauraron ɗan'adam. A 2025 masu bincike daga jami'o'in San Diego da Maryland suka ɗora dish a saman gini da kayan kimanin dala 800, suka tarar kusan rabin siginar da suka saurara ba a kulle take ba, har da kiran wayar mutane da saƙonnin jami'an tsaron Meziko.

Maganin a baki mai sauƙi ne: a kulle. Me ake nufi da kullewa? Kun san zaurance. 'Yan mata biyu na hira a gabanka, kana jin sauti, ba ka fahimtar komai. To kulle bayanai zaurance ne na lissafi, sai dai da bambanci guda mai muhimmanci. Zaurance in ka gano dabarar, shi ke nan ka shiga. A nan kuwa dabarar a fili take, kowa ya san ta, abin da ake ɓoyewa mabuɗi ne kawai, wato wata doguwar lamba. Makullin da duniya ta fi amfani da shi sunansa AES. Wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro shi, hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta amince da shi a 2001. Yana yanka bayani gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bit 128, bit kuwa shi ne sifili ko ɗaya ɗin nan da kwamfuta ke lissafi da su. Sai ya dama kowace gunduwa da mabuɗi sau 10, ko sau 14 in dogon mabuɗi ne. Yawan mabuɗan da ɓarawo zai gwada, ko a gajeren, lamba ce mai jeri 39. Shi ne a bankinka, shi ne a WhatsApp ɗinka.

To in wayar hannunka tana yi, me ya hana tauraro?

Na farko wuta. Ɗan akwatin nan na santimita 10, solar da ke jikinsa wat ɗaya zuwa biyu take ba shi in an daidaita lissafi. Ƙwan fitilar ɗakinka ya fi shi ci. Kuma a kowane zagayen duniya, wanda ke ɗaukar minti 90 da ɗoriya, kusan sulusin lokacin yana cikin inuwa, batir ne ke riƙe da shi. Daga wannan 'yar wutar kyamara za ta ci, rediyo ya ci, kwamfuta ta ci, na'urar da ke juya shi ta ci. Duk wanda ya taɓa zama gidan haya da ƙaramin janareto ya san rigimar nan, in an kunna abin guga sai a kashe firji.

Na biyu lokaci. Tauraron yana gudun kilomita bakwai da rabi a sakan guda. In ya ɓullo a saman tasharka ta ƙasa, minti goma ne ko ƙasa da haka ya ɓace, kuma sau 'yan kaɗan a yini. Rediyon da ƙananan da yawa ke amfani da shi yana aika bit 9,600 a sakan. Mu yi lissafi tare. Minti goma sakan 600 ne. Ka ninka, ka raba da takwas, za ka samu bait 720,000. Ko megabait ɗaya bai cika ba. Hoton da ka ɗauka da wayarka a wajen biki ya ninka wannan sau uku ko huɗu. Manyan kamfanoni suna da rediyo mai gudu fiye da haka nesa ba kusa ba, amma su kuma matsalarsu ta juye, dole makullin ya iya bin gudun ambaliyar bayanai ba tare da ya ƙone batir ba.

A nan akwai wata ƙa'ida da ɗalibai kan manta. Sai an matse hoto tukuna a kulle shi. Matsewa tana aiki ne saboda hoto yana da maimaici, yashi kusa da yashi, ruwa kusa da ruwa. Kullewa kuwa aikinta ta kashe duk wani maimaici. In ka kulle kafin ka matse, ka yi asara, ba zai ƙara matsuwa ba.

Zan faɗi ra'ayina a nan, ko da wasu injiniyoyi za su ce na yi kaushi. Uzurin wuta ya fara tsufa. Ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta da yawa na yau suna zuwa da sashen AES a ƙere a jikinsu, wutar da yake ci ba ta kai ta rediyo ko kusa ba. Ainihin wahalar tana wasu wurare biyu, kuma su ne ba a cika magana a kansu ba.

Wuri na farko shi ne tiririn sararin samaniya. A can sama akwai wasu ƙananan burbushi masu tsananin ƙarfi da ke fitowa daga rana da can nesa, ga kuma waɗanda maganaɗisun duniya ya tara. Akwai ma wani yanki a saman Kudancin Amurka da kudancin Tekun Atilantika inda suke saukowa ƙasa-ƙasa, kuma taurari masu ɗaukar hoto suna ratsa shi a kai a kai. In burbushi ɗaya ya bugi ma'ajiyar kwamfuta, yana iya mayar da sifili ya koma ɗaya. A hoton da ba a kulle ba, wannan ɗigo ɗaya ne ya canza launi, ba wanda zai lura. Amma AES an gina shi ne yadda canjin bit ɗaya zai bazu ya dagula gunduwar gaba ɗaya. Ƙarfinsa ke nan a ƙasa, a sama kuma ya zama rauninsa. In kuskuren ya faru ana tsakiyar damawa, gunduwar ta lalace. In kuwa a kan mabuɗin kansa ya faɗa, to duk abin da aka kulle daga nan tasha ba za ta iya buɗewa ba. Hoton ambaliyar da ake jira don a san inda za a tura kwale-kwale ya iso, amma shara ce.

Me ake yi? Wata dabara ita ce alƙalai uku. A ajiye mabuɗin a wuri uku, ko a yi lissafin sau uku, in ɗaya ya saɓa a bi biyun da suka yi daidai. Tana aiki, sai dai ka ninka wuri da wuta sau uku a gidan da dama babu. Wata dabarar ita ce a liƙa wa bayanin 'yan ƙarin bit masu gano kuskure su gyara shi, irin lissafin Hamming. Masu bincike a Jami'ar Surrey, da ke garin da aka ƙera taurarinmu, sun yi aiki a kan saka irin wannan gyaran a cikin AES don taurari masu ɗaukar hoto.

Sannan yadda ake jera gunduwoyin ma magana ce. Hanya mafi sauƙi ita ce a kulle kowace gunduwa ita kaɗai da mabuɗi ɗaya. Kada ku yarda da ita. Gunduwa biyu masu kama ɗaya za su fito da kama ɗaya, sai siffar abin ta riƙa leƙowa ta cikin makullin. Akwai wani sanannen misali da hoton tsuntsun nan na tambarin Linux, an kulle shi ta wannan hanyar amma kana ganin tsuntsun ɓaro-ɓaro. Hanya ta biyu ita ce a sarƙe gunduwoyin kamar sarƙa, kowace ta dogara da ta bayanta. Siffa ta ɓace, amma bit ɗaya in ya lalace a iska, gunduwa guda ta tafi, ya kuma taɓa ta gaba. Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da tauraro, ita ce ta ƙidaya. Ana kulle lambobi ne, ɗaya, biyu, uku, a samu wani dogon zare na hargitsi, sai a gauraya shi da hoton. Bit ɗaya ya lalace a hanya, bit ɗaya kawai ka rasa.

Amma ita ma tana da tarkonta, kuma tarkon ya dace da halin tauraro sosai. Sharaɗinta shi ne kada a taɓa maimaita lamba da mabuɗi ɗaya. To ƙananan taurarin nan suna yawan suma su farfaɗo. Tiriri ya buge su, ko batir ya yi ƙasa, sai kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi. In wanda ya rubuta manhajar bai ajiye ƙidayar a ma'ajiyar da ba ta mantuwa ba, tana farfaɗowa za ta koma ɗaya. Hotuna biyu sun shiga da zare ɗaya ke nan. Mai saurare ya haɗa su, hargitsin ya soke kansa, sirri ya fara fita ba tare da ya san mabuɗin ba. Makullin lafiyarsa ƙalau, layi biyu na manhaja ne suka kayar da gidan.

Wuri na biyu na wahala shi ne tsoro. Eh, tsoro. Wayarka in ka manta lambar sirri, kasuwar waya za ka kai ta. Tauraro fa? In ka kulle ƙofar umarni, sannan mabuɗin ya lalace a sama, ka kulle kanka a waje har abada, aikin shekara uku yana yawo a samanka kana kallo. Shi ya sa wasu masu ƙerawa suke barin ƙofa a buɗe, suna cewa ai ba wanda ya san yaren tauraronmu. A 2023 masu bincike daga Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka samu manhajar taurari uku na gaske suka bincika, suka tarar da ramuka manya, ciki har da rashin kariya mai ƙarfi a ƙofar umarni. Gyaran shi ne a loda mabuɗai da yawa tun kafin tashi, da babban mabuɗi na musamman wanda aikinsa kawai sauya sauran, a kuma gwada hanyar sauyawar sau ɗari a ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ku dawo da hankalinku Baga, domin ga inda na fi so ku riƙe. Ɓoye hoto abu ɗaya ne. Tabbatar da cewa ba a taɓa shi ba wani abu ne daban, kuma a wurina shi ya fi nauyi. A Afrilun 2023, a wani taro a Faris, ƙwararrun kamfanin Thales suka nuna yadda suka kutsa cikin OPS-SAT, wani CubeSat na hukumar sararin samaniyar Turai. Gwaji ne, da izinin hukumar aka yi. Sun nuna za su iya canza hoton da kyamarar ta ɗauka, su rufe wani yanki na ƙasa, su kuma ɓoye sawunsu. Ku yi tunani. Ƙauye ya ƙone, hoto ya sauko yana nuna rufin gidaje lafiya lau. Ko akasin haka, a ƙirƙiro sansanin da babu shi, a aika jirgi ya yi ruwan wuta a kan masu biki.

Maganin canji a hanya shi ne hatimi. Ana lissafa wata 'yar lamba, yawanci bait 16, daga bayanin da mabuɗin, a liƙa a ƙarshen kowane ƙunshi. An taɓa ko bit ɗaya, hatimin ba zai dace ba. Tsarin da ake kira GCM yana haɗa ƙidaya da hatimi a aiki ɗaya, kuma shi ne a cikin ƙa'idar tsaron sadarwar taurari da kwamitin hukumomin sararin samaniya na duniya, CCSDS, ya fitar a 2015. NASA ma ta saki manhajar da ke aiwatar da ƙa'idar kyauta, sunanta CryptoLib. Sai dai hatimi bai san bambancin ɓarawo da hayaniyar iska ba, duk wanda ya taɓa, zai ƙi ƙunshin. Don haka sai an fara gyara kurakuran hanya kafin a duba hatimi. Kuma akwai ciniki: ƙananan ƙunshi, hatimai sun cinye maka minti goman, manyan ƙunshi, ɗaya ya lalace ka yi babbar asara. Sannan abin da Thales suka nuna ya wuce nan, domin in ɓarawo ya riga ya shiga cikin tauraron, zai canza hoton ne kafin a buga hatimi. Ke nan kulle hoto ba tare da kulle ƙofar umarni ba, wahalar banza ce.

Ga waɗanda na'urarsu ta yi ƙanƙanta ƙwarai, akwai sabon makulli mara nauyi mai suna Ascon, wanda wasu masana huɗu suka ƙirƙiro, akasarinsu masu alaƙa da Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya. NIST ta zaɓe shi a Fabrairun 2023 bayan gasar shekaru. Yana kullewa ya buga hatimi lokaci guda, kuma ba ya cin wuri.

Ƙannena masu aikin kammala digiri, ga shawara kyauta. Za ku ci karo da takardu barkatai masu cewa sun ƙirƙiro sabon makullin hoto da lissafin hargitsi, ko masu cewa a kulle wani ɓangare na hoton kawai don a rage wuta. Ku karanta, amma ku yi hattara. Da yawa irinsu an fasa su bayan an buga. Hoto ya yi kama da yashi a ido ba ya nufin ya kullu. Tun 1883 wani masani, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar cewa makulli nagari shi ne wanda ko maƙiyi ya san yadda aka ƙera shi, ba zai buɗe ba sai da mabuɗi. AES ya shekara sama da ashirin duniya na dukansa bai faɗi ba. In kana son ka yi abin da zai amfane mu, ɗauki AES ko Ascon ka ɗora a kan ƙaramin allo mai arha, ka auna wutar da yake ci, ka riƙa cire masa wuta a tsakiyar aiki ka ga ko ƙidayarsa za ta koma baya. Wannan aikin ya fi sabon makulli goma.

Kada kuma mu manta da ƙasa. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta shiga Yukiren, aka kai hari kan hanyar intanet ta tauraron KA-SAT na kamfanin Viasat. Dubban na'urorin karɓa suka mutu, har injinan wutar iska kusan 5,800 a Jamus suka rasa hanyar da ake lura da su daga nesa. Ba a taɓa tauraron ba. Ta wata na'urar ƙasa da ba a saita daidai ba aka shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka kulle sama da mabuɗi mai jeri 39, sannan mabuɗin yana cikin filashin da ke yawo a aljihun wani ma'aikaci, me ka yi?

To saura tambayar da ta sa na ce wannan maganar ta masu fafutuka ce. An kulle. Wa ke riƙe da mabuɗin?

Domin makullin da ke hana ɗan bindiga ganin hoto, shi ne kuma zai iya hana ni da kai. A ƙarshen 2001, da Amurka ta fara yaƙin Afganistan, ma'aikatar tsaronta ta saye duk hotunan ƙasar da tauraron kasuwanci na Ikonos ke ɗauka, ita kaɗai, ta yadda 'yan jarida ba su samu ba. Tun 1997 kuma wata dokar Amurka ta taƙaita kaifin hotunan Isra'ila da kamfanonin ƙasar za su sayar, sai a 2020 aka sassauta. A ɗaya gefen, Amurkan dai ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta a 2008, Turai ma tana ba da na Sentinel-2 kyauta, masu kaifin mita 10. Da irinsu ɗalibi a Kano ko Maradi yake auna yadda Tafkin Chadi ya ja da baya, ko yadda ruwa ya mamaye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Matsayina shi ne: a kulle ƙofar umarni ba tare da wani ciniki ba. A kulle hoto a hanya, a buga masa hatimi tun daga sama, kuma a yi hatimin irin wanda wani na waje, kotu ko ɗan jarida, zai iya tantancewa, ba sai mai tauraron ya rantse mana ba. In ya sauka kuma, tauraron da aka saya da kuɗin jama'a, asalin hotonsa na jama'a ne, wanda zai ɓoye shi ne ya kamata ya kawo hujja. Na san akwai hotunan da bai kamata a watsa nan take ba. Hoto mai kaifi na inda sojoji suka yi sansani jiya, ko hanyar da 'yan gudun hijira ke bi, in ya faɗa hannun da bai dace ba rayuka ne. Ban musa ba. Amma a rubuta ƙa'idar a fili: wane iri ake riƙewa, na wata nawa, wa ke da ikon cewa a buɗe. Muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Duk lokacin da kuka ji an ce za a sayo sababbin taurari, kada tambayarmu ta tsaya a nawa ne kuɗin. Mu tambaya a ina aka haifi mabuɗin, a Abuja ko a masana'antar da ta ƙera? Bayan an miƙa mana, an sauya shi? Mutum nawa ke iya buɗe rumbun, kuma ana rubuta sunan duk wanda ya buɗe?

Wani ɗan ƙarin bayani ga 'yan jami'a: in tauraronku zai yi amfani da zangon masu rediyon sha'awa, kamar yadda ƙananan jami'o'i da yawa ke yi, dokar ƙungiyar sadarwa ta duniya ta hana ɓoye ma'anar saƙo a wannan zangon, in ban da umarnin da ake aika wa tauraron. Wato hotonku a buɗe zai sauko, amma ƙofar umarni kuna da damar kullewa, ku kulle ta. Hatimi kuma ba ɓoyewa ba ne, hoton na nan kowa na gani, tabbaci kawai ya ƙara.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta tambaya game da kwamfutar kwantum da ake cewa za ta fasa makullai. A taƙaice, Hajiya, AES mai dogon mabuɗi bai cika shiga haɗari ba, hanyoyin musayar mabuɗi ne abin ya fi shafa. NIST ta fitar da sababbi a Agustan 2024, amma mabuɗinsu ya haura bait dubu inda na da yake bait 32, kin ga a rediyo mai bit 9,600 wannan ma wani nauyi ne. Maganar tana da tsawo, ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Masu son gwada kama hoton yanayi da kansu, taurarin Meteor na Rasha suna aikowa a buɗe a kusa da zangon da muka yi amfani da shi, zan saka awon eriyar a ƙarƙashin wannan rubutun. Ku dai nemi izinin mai gida kafin ku hau bene. Yayana na Gusau, ina jiran amsarka. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.